Turakun Bakin Tafkin Madaci

Matan da suka sauka ɗiban ruwa ranar Talata da sassafe su ne suka fara gani. Turakun simintin da ƙaramar hukuma ta kafa a gefen Tafkin Madaci, masu nuna iyakar inda aka hana gini, babu ko ɗaya a tsaye daga dutsen wanki har zuwa mashayar shanu. An tuge su, an ja su cikin laka. Ciyawar jema da zumuntar mata ta dasa don ta riƙe gaɓa an sassare ta daga gindi, 'yan itatuwan madacin da ke bayanta kuma an kakkarya su. Ko'ina ka duba sawun shanu ne.

Kafin hantsi samarin Kurmin Madaci sun gama yanke hukunci. Suka tare Abdulrashid, makiyayin da rugarsu ke bayan tudu, suka sauke shi daga kan babur, suka yi masa duka, sannan suka kai shi wurin 'yan sanda. Hujjarsu ita ce a makon jiya ya yi cacar baki da 'yan kwamitin gaɓa, yana cewa jemar ta matse hanyar da shanunsa ke bi zuwa ruwa.

Sai da aka gama duk wannan Dagaci Ishmael ya tuna ya aika a kira Silvanus Kumai.

Silvanus ya daɗe yana aikin gandun daji a wajen Kachia da Nok, yana bin sawun ɓarayin katako, har ya yi ritaya da ciwon gwiwa. Yanzu idan akuya ta ɓata ko aka sace babur, shi ake nema, kuma kullum sai an makara. Ya tsaya a saman gaɓa da sandarsa yana kallon jama'ar da suka cika wurin.

"Ranka ya daɗe, mutum nawa suka taka nan tun safe?"

"To, duk wanda ya ji labari ya zo ya gani da idonsa," in ji Dagaci.

"Na ga alama. Har mai ƙosai ta kafa murhu a kan sawun da kuka kira ni in duba."

Nathan ya matso kusa da Silvanus. Shi ne mijin ƙanwarsa Serah, kuma sakataren kwamitin gaɓa, dattijo a majami'a.

"Yaya, kada ka wahalar da ƙafarka. Aikin a fili yake, sawun shanu ne. Abin da ya rage kawai hukuma ta zo ta sake awo da wuri, a kafa sababbin turaku."

"Idan a fili yake, me ya sa aka tashe ni ban gama shan kunu ba?"

Ana cikin haka ɗan acaɓa ya sauke Madam Magdalene daga Kafanchan. Ita ce jami'ar tsara gine-gine da ta yi ta fama har aka shata wannan iyaka, tun lokacin da aka fara maganar gina wurin shaƙatawa a bakin tafkin. Ta gaida Dagaci, ta sunkuya ta ɗauki wani karyayyen madaci, ta juya shi a hannu, ta ajiye.

Silvanus ya bar su ya gangara can ƙasa, inda laka ta yi baƙi kuma masu kallo ba su so su ɓata takalmansu ba. Nan sawun ya tsira. Ya bi shi a hankali, ya dawo, ya sake bi. Ya durƙusa da ƙyar a gefen wani turke da aka yar, ya shafa zanen da ƙarfe ya yi a jikinsa.

Da ya hauro ya ce, "Wannan ba garke ba ne. Shanu biyu ne kacal, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canjawa. Babu sawun maraƙi ko ɗaya. Kofatonsu ya nutse ta gaba, wato kaya suke ja. An ɗaura musu karkiya ne, aka ja turakun da sarƙa."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Baba, Fulani ba su iya kawo shanu biyu ba ne?"

"Ka je ka ɗora wa saniyar Fulani itace a wuya, ka dawo ka ba ni labari idan kana da sauran haƙora."

Wasu suka yi dariya, amma ba su da yawa. Dagaci ya ja Silvanus gefe, ya rage murya. Ya ce samarin sun fara maganar zuwa ruga. Zai iya riƙe su zuwa gobe da yamma, bayan nan bai yi alkawari ba.

*

A ofishin 'yan sanda, Abdulrashid yana zaune a kan benci a bayan kanta, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Ka yi faɗa da 'yan kwamiti?" Silvanus ya tambaye shi.

"Na yi, Baba. Na ce hanya ta yi ƙunci, shanu suna ture juna. Madam ta ce za a duba. Ni ina jira ne."

"A ina ka kwana jiya?"

"Saniya ce take haihuwa, ɗan ya zo a juye. Ni da Inna muna kanta har asuba."

"Ka gaya musu haka?"

"Ba su tambaya ba."

Sajan ya ce ba zai sake shi ba sai masu ƙara sun janye, kuma ma yadda gari yake, zamansa a ciki ya fi masa. Silvanus bai yi musu ba, don gaskiya ce. A ƙofa ya tarar da Dije, mahaifiyar Abdulrashid, zaune a ƙasa da ƙwaryar fura a kan cinya. Ta ce tun safe ba a kai shanu ruwa ba, babu wanda ya isa ya gangara da su.

*

Rabin garin da bai zargi Fulani ba Oga Patrick yake zargi. Ɗan garin ne da ya daɗe a Abuja, ya dawo yana gina ɗakunan baƙi da wurin cin abinci a saman gaɓa. Silvanus da Magdalene suka same shi yana yi wa magina faɗa.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji Patrick. "Duk abin da ya lalace a garin nan ni ne. Kazar wani ta mutu, Patrick. Baba, ka ga wancan wurin da ciyawa ta rufe? Harsashin ɗaki biyu ne. Matar nan ta sa na fasa su da hannuna, saboda sun shiga iyakarta da taku kaɗan."

"Iyakar hukuma, Oga, ba tawa ba," in ji Magdalene.

"Kuma me zan sayar wa baƙi idan gaɓa ta zube? Laka? Ni na sayi rabin madacin nan."

"Kana da sarƙa a nan?" Silvanus ya tambaya.

Akwai sarƙa, ko kuma dā akwai. Aka kira mai gadi. Ya ce sarƙar da ake jan tifa da ita idan ta kafe ba ya ganinta tun makon jiya. Wa ya ara? Kowa yana ara. Jiya kuma bai ji komai ba, don an yi bikin sallamar amarya a ɗaya gefen garin, ya leƙa na ɗan lokaci.

"Ɗan lokaci har yaushe?"

"Har aka kashe janareta."

Silvanus ya rufe ido ya buɗe. Suka koma ƙarƙashin wata bishiya, ya zauna a kan bulo yana murza gwiwa.

"Madam, ki fahimtar da ni. Idan an cire turakun, wa ya ci riba?"

"Babu kowa. Shi ne abin da yake cina tun safe." Ta fito da wayarta ta nuna masa taswirar tafkin da wani jan layi a gefensa. "Doka ta ce ba a gini na dindindin sai an bar mita hamsin daga inda ruwa yake kaiwa da damina. Mun auna da na'ura, an adana kowane wuri. Turakun don ido ne kawai. Ko an kwashe su an kai Kaduna, gobe zan tsaya daidai inda kowanne yake."

"Patrick ya san haka?"

"Ya sani sarai. Da shi na tsaya a rana muna gardama a kan layin nan."

"Mutanen gari fa?"

"Na bayyana musu a mitin, har sau biyu. Na farko rigima ake a kan wa zai zauna a kujerar gaba. Na biyu ina cikin magana aka shigo da shinkafa."

Silvanus ya kalli tafkin. Watan Maris ne, ruwa ya janye sosai, ya bar fili mai faɗi na busasshiyar laka.

"To wanda bai sani ba, me zai yi tsammani?"

Ta bi inda yake kallo, sai ta ja dogon numfashi. "Zai yi tsammanin za mu sake awo daga bakin ruwan yau. Layi ya gangara ƙasa, filinsa ya fita daga hani. Shi ya sa ya sare jemar, don ita ce ke nuna inda ruwan damina ke tsayawa."

"Gida nawa ke da fili a cikin hanin?"

"Sun fi goma."

"Madalla. Da safe mutum ɗaya ake zargi, yanzu na mai da su goma. Aiki yana ci gaba."

*

Mutum ɗaya ne aka sani da shanun huɗa a yankin, wato Kaleb, da ke bakin hanyar Fadan Kagoma. Silvanus ya hau acaɓa ya sha gargada har can, ya tarar da garke babu komai sai kaji. Shanun suna Kachia tun watan jiya wurin ɗansa, suna jan amalanken citta. Maƙwabta uku suka tabbatar, kowanne da nasa dogon bayanin da ba a tambaye shi ba.

"Karkiya fa? Guda ɗaya gare ka?"

"Akwai tsohuwa a bayan rumbu," in ji Kaleb. Ya zagaya, ya jima, ya dawo yana sosa ƙeya. "Ba ta nan."

"Tun yaushe?"

"Da ba ka tambaya ba, da ban sani ba. Wataƙila yara sun yi wuta da ita."

Silvanus ya koma gida da yamma bai ci komai ba, ya jiƙa tsumma a ruwan zafi ya ɗora a gwiwa. Matarsa ta ce an ga samari suna sayen fetur a jarka. Ya ce ya ji.

*

Washegari ya riga masu ɗiban ruwa isa tafkin. Wannan karon bai bi inda aka ja turakun ba, hanyar da shanun suka koma ya nema. Ya same ta a bayan dutsen wanki, ta haura ta cikin gonar rogo, ta kai bakin kwalta, ta ɓace. Ya yi ta zagaye a gefen titin yana tsaki, har ya iso gindin wani mangwaro. A nan ƙasa ta nuna shanun sun ɗan tsaya, ga alamar inda aka jingine itace mai nauyi. Ga kuma kashin shanu, sama ya bushe, ciki da sauran danshi.

Ya fasa shi da sanda. Saniyar da ke kiwo a daji a wannan watan kashinta tauri ne da shi, cike da karan ciyawa. Wannan laushi gare shi, babu ciyawa sai ɓawon jar dawa. Ya sunkuya ya shinshina. Tsami ne, irin wanda duk wanda ya girma a garin ya sani.

Bridget ce kaɗai ke dafa burkutu da yawa a Kurmin Madaci. Ya same ta tana juya tukunya da muciya.

"Baba Silvanus da kansa. Tun da likita ya hana ka, ka manta hanyan gidana."

"Ba sha na zo ba. Dusar da kike tacewa, wa yake saya?"

"Masu alade."

"Masu shanu fa?"

Ta ci gaba da juyawa. "Baba, ni ba na son shiga maganan mutane. Wanda ya zo ta ƙofan baya, ta ƙofan baya yake fita."

"Bridget, akwai yaro a kulle da kumburarren ido. Yau da yamma kuma 'ya'yanku za su hau tudu da fetur. Naki ɗan yana cikinsu, na gan shi jiya."

Ta ajiye muciyar. "Tun Kirsimeti mutum ɗaya ne yana kwashe duka, har masu alade suna fushi da ni. Ya ce ya sayo tsofaffin bijimai biyu daga wajen Saminaka, yana kiwonsu a gonan citta nasa, zai sayar lokacin Ista. Ya ce kada na faɗa ma kowa, wai mutane suna da baƙin ciki."

"Wane ne?"

"Kai ka fi ni saninsa. Shi ne yana auren ƙanwanka."

*

Gonar Nathan tana ƙetaren kwalta, a bayan wani kurmi. Silvanus ya tafi a hankali, ba don gwiwa kaɗai ba. A ƙarƙashin rumfar kwano ya tarar da bijimai biyu a ɗaure. Wuyansu akwai tsohuwar kanta ta shanun da suka yi shekaru suna huɗa, a kan kantar kuma ga sabuwar gurzuwa da ƙuda ke bi. Ƙasar gonar ja ce, amma lakar da ta bushe a tsakanin kofatonsu baƙa ce.

"Yaya."

Serah ce, ɗauke da bokitin ruwa. Ta ajiye shi, ruwan ya fantsama a zaninta.

"Kin sani?"

"Sai da ya dawo na sani. Na ga kayansa duk laka." Ta kama hannunsa. "Yaya, don Allah ka bari mu gyara a gida. Zan sa shi ya je wurin Dagaci a ɓoye. Dattijon ikilisiya ne. Idan ka faɗa a gaban mutane, da wane ido za mu shiga sujada ranar Lahadi?"

"Tun jiya da safe yake da damar zuwa a ɓoye. Yana tsaye aka daki yaron mutane."

"Bai ce a dake shi ba."

"Serah, idan Dagaci ya fito ya ce ba Fulani ba ne amma ba zai faɗi ko wane ne ba, kina jin samarin nan za su ajiye jarkokinsu?"

Ta saki hannunsa. "Ni ce na yi jinyarka lokacin da aka yi maka aiki a gwiwa."

"Ke ce. Ban manta ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ki gaya masa ƙarfe huɗu a ƙofar Dagaci. Zan ba shi dama ya faɗa da bakinsa kafin in faɗa da nawa."

*

Ƙofar Dagaci ta cika tun kafin lokaci. Patrick ya zo da kujerarsa ta roba. Kaleb da Bridget suna gefe ɗaya, Magdalene tana kusa da Dagaci, samari sun jeru a jikin katanga. Dije tana can nesa a tsaye, babu wanda ya ba ta wurin zama sai da Magdalene ta tashi ta kai mata benci. Nathan yana gaba a mazaunin sakatare. An ɓata lokaci a kan wa zai buɗe da addu'a.

Silvanus bai tashi tsaye ba. Ya ce shanun ruga ba su san karkiya ba, saboda haka a cire Abdulrashid. Ya ce Oga Patrick ya san cire turaku ba ya motsa iyaka, saboda haka ba shi da dalili, ko da yake ya kamata ya nemi wani mai gadin. Ya ce shanun Kaleb suna Kachia, laifinsa kawai bai san abin da ke bayan rumbunsa ba. Sannan ya ba da labarin gindin mangwaro da dusar burkutu.

"Shanun da suka yi aikin nan ba sa kiwo a daji, a ɗaure ake ciyar da su. Na gan su yau. Mai su yana zaune a nan. Ina roƙonsa ya tashi ya sauƙaƙa mana."

Nathan yana kallon ƙasa. Silvanus ya jira har wani jariri ya fara kuka aka fita da shi.

"Nathan," ya ce, "ina sarƙar Patrick?"

Hayaniya ta tashi, Dagaci ya buga sandarsa. Nathan ya miƙe a hankali.

"Tana cikin rijiyar gona. Ni ne. Amma ku ji ni. Filin nan na ubana ne, a cikinsa aka binne cibiyata. Patrick ya zo daga Abuja ya gina otal taku kaɗan daga layi, zai ci arziki da tafkin nan. Ni kuma da nake da fili a bakin ƙofarsa an ce in shuka ciyawa. 'Ya'yana biyu sun gama makaranta suna zaune a gida. Shaguna kawai nake so in gina musu. Na ce idan aka sake awo yanzu da ruwa ya janye, zan samu wuri."

"Baba Nathan," in ji Magdalene, kuma ana jin yadda take danne muryarta, "babu awon da za a sake. Layin yana nan inda yake. Na faɗa a mitin, kai ne sakatare."

"Ina waje ina raba abinci."

"Kuma rumfa ta katako da ciyawa, wadda ba ta da harsashi, doka ta yarda da ita a cikin hanin. Da ka zo ofis ka tambaye ni, da yanzu 'ya'yanka suna gasa kifi."

Nathan ya koma ya zauna.

"Turaku zan mayar cikin mako ɗaya," ta ci gaba. "Jemar ce ba zan iya mayarwa ba. Sai ta yi damina biyu kafin ta kama ƙasa. Ruwan bana zai ci gaɓar nan, kuma daga filinka zai fara, don shi ne a gangare."

"Ni ba wannan ne ya dame ni ba," in ji Silvanus. "Kana tsaye aka sauke yaron nan daga babur."

"Ban ce a kama shi ba, Yaya."

"Ba ka ce a sake shi ba."

Daga nan taron ya koma abin da ya saba zama. Wani ya ce a kai Nathan wurin 'yan sanda, wani ya ce maganar ikilisiya ce. Samarin da suka yi dukan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Dagaci ya aika a janye ƙara a saki Abdulrashid. Da aka zo maganar wa zai je ruga ya ba da haƙuri, aka ce a kafa ƙaramin kwamiti. Game da hanyar mashaya kuwa, wani ya ba da shawarar a rufe ta tukuna, kada shanu su ƙara lalata gaɓa, har babban kwamiti ya zauna bayan Ista. Aka amince. Magdalene ta ce ba su da ikon rufe hanyar, tana cikin taswira, amma an riga an fara addu'ar rufewa.

*

Silvanus da Magdalene ne kaɗai suka raka Dije da ɗanta zuwa bayan tudu. Shanun suna tsaye cirko-cirko suna kuka, an ɗan ba su ruwan rijiya da bokiti, bai kai ko'ina ba. A gefen bukka an riga an ɗaure wasu kaya a cikin buhuna.

Silvanus ya ba da haƙuri a madadin gari. Dije ta saurare shi har ya gama, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Gobe za mu iya kai su ruwa?" ta tambaya.

Magdalene ta fara bayanin cewa a doka hanyar a buɗe take, zancen rufewa ba shi da tushe, kuma za ta rubuta wa Dagaci. Dije ta juya ta kalli Silvanus.

"Ku kai su," ya ce. "Za ku same ni a can."

Da gari ya waye ya ɗauki kujerarsa ta katako ya gangara, ya ajiye ta a bakin hanyar mashaya, ya zauna da sandarsa a kan cinya. Wasu samari biyu suka zo suka tsaya daga nesa, suka gan shi, suka yi kamar wani wuri za su. Can sai ga garken ya ɓullo daga tudu, Abdulrashid a gaba da idonsa ɗaya, yana tare manyan kada su taka sauran jemar da ta tsira. Da suka ji ƙamshin ruwa suka kwasa da gudu, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin kujerar.

Mata suna haurowa daga dutsen wanki da tulunansu. Kowacce ta ce, "Ina kwana, Baba," ya amsa. Serah ce ta ƙarshe. Ta zo daidai inda yake, ta gyara gammonta, ta wuce.

Ya bi ta da kallo har ta shige cikin rogo. Sannan ya juya ya ɗaga murya ya ce wa Abdulrashid ya kora jar saniyar can gefe, tana hana ƙananan sha.